Lambar Mai Gadi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Auta? Na ji mura ce kawai, amma har a baki Umma take ba shi abinci. Sannunsa, ɗan gata!

Ni lafiya lau, sai dai likita ya ɗora ni kan maganin ciwon damuwa. Ya ce a makonnin farko tunanin kashe kai yakan taso wa wasu, dole wani nawa ya sa mini ido. Na rasa wanda zan ambata, sai na ba shi lambar mai gadin masana'antarmu.

Kada ki gaya wa Umma, tana jinyar mai mura. Ke dai ki riƙa kirana kowace safiya. In ban ɗauka ba, ki sake kira.

Ƙanwarki