Da Me Kwantena Take Komawa?

Laraba da dare, Zuru

Yau na gaji, amma sai na rubuta wannan.

Babur ɗin Malam Bawa na Ribah har yanzu yana garejina a kwance. Da shi yake kawo matarsa asibiti duk mako, ga shi fistin da ya dace da injin ya yanke a kasuwa. Na je shagon Oga Emeka, ya ce kayansa suna kan teku, jirgi bai iso Legas ba.

Na tsaya ina duba kwalayen shagon. Fulogi, sarƙa, birki, duk daga waje. Na ce, "Oga, wai kwantenar da ke kawo kayan nan, da me take komawa?"

Ya yi dariya. "Wata riɗi, wata citta ko fata. Da yawa kuma haka nan suke komawa, ba komai a ciki."

Ba komai! Na sha ji a rediyo cewa in aka cire man fetur, abin da muke saye a waje ya fi wanda muke sayarwa. Na ɗauka maganar mutanen Abuja ce, ashe har garejina ta iso.

Na kira Malam Bawa na ce ya zo da safe ya ɗauki babur ɗina, ni na taka da ƙafa. Gobe kuma zan kai wa maƙerin bayan tasha tsohon fistin ɗin, in tambaye shi me ya hana a yi irinsa a nan. Ko dariya zai yi mini, ina son jin amsar.