Ruwan Randar Jummai

Darki, ta Wudil
Ran Litinin

Zuwa ga ɗana Sulaiman,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da aiki a can Kano. Mu nan sai godiya. Gero ya fid da kai, gwiwata kuwa tana nan yadda ka bar ta.

Wata uku ke nan na ji wata magana a kasuwar Wudil, wai baƙin taron ikilisiya na bana ba a gidana za a sauke su ba, wai wani ya gaya wa Fasto gidan bai dace da manya ba. Dariya na yi. Shekara talatin da ɗaya, duk mai wa'azin da ya tako Darki a ɗakin zaurena yake kwana, kuma tun kafin a tambayi sunansa uwarka Jummai take miƙa masa ruwan randa a moɗa. Haka na tarar ubana yana yi tun bai san ƙofar coci ba.

Sai na shiga shiri. Jummai ta yi sabon daɓe. Malam Yahuza maƙwabcinmu, da ba ruwansa da taronmu, ya ara mana katifa biyu. Na yanka zakaran nan mai tsiwa. Ran Asabar na sa babbar riga na zauna a ƙofar gida. Motar baƙi ta zo, ta rage gudu saboda ramin nan namu, ta wuce. Otal aka kai su cikin Wudil, inda ruwa ma a gora yake zuwa. Kwana uku muna ɗumama miyar.

Ran Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan tawali'u da karɓar baƙi. Ana tsaka da shi na ɗauki sandata na fita, a hankali, don kowa ya gani. Sati shida ban koma ba. In ya gaishe ni a hanya, sai in duba gonar wani. A gaban dattawa na kira shi yaron da karatu ya hana gaisuwa. Na san a Littafi Mai Tsarki inda aka ce mu karɓi baƙo, nan aka ce mu girmama shugabanninmu, shafi ɗaya ne. Ni dai na riƙe rabin da ya yi mini daɗi. Fasto bai taɓa mayar mini da magana ba.

Ran Juma'a sai ga shi. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma. Jummai ta miƙa masa moɗa don ta gwada shi. Ya shanye, ya nemi ƙari. Ya ce laifinsa ne da ya bi maganar wani bai zo ya tambaye ni ba. Na ce wane ne? Ya ƙi faɗa. Sai da na ce ba zan sake taka cocin ba, sannan ya ciro waya ya karanta mini saƙon, don idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. An ce cikin baƙin akwai shugaban wurin aikin mai saƙon. An ce ruwan randa zai ɓata musu ciki, a taimaka a rufa asiri kada su ga makewayin gidan. An rubuta shi da ladabi ƙwarai.

Jiya na koma coci, na nemi gafarar Fasto a gaban jama'a. Da wuya ga dattijo, amma ya fi mini sauƙi a kan rubuta wannan takarda. Jummai ban gaya mata ba. Har yau in ta wanke moɗar nan cewa take yi da ita ka koyi shan ruwa.

Maganar nan, wai gidana bai dace da manya ba, mutum huɗu suka kawo mini ita. Mai facin keke, da matar mai kaɗa gangar coci, da Yahuza da kansa, duk na ƙaryata su. Na ƙarshe kai ne, Sulaiman. Fasto ya ara maka baki kawai, sunanka ne a kan saƙon.

Ka gai da iyali. In za ka zo Kirsimeti, ɗakin zaure yana nan. Ka taho da ruwanka.

Ni ne mahaifinka,
Ɗantani