Goyon Habsatu a Gaban Sufeto

Matameye, daren Talata, bazarar 2010

Yau sufeton makarantu ya zo daga Damagaram ya ga aikina a ajin ƙananan yara. In ya gamsu, shekarun da na yi ina koyarwa za su tsaya mini a matsayin difloma. Na kwana ina bitar waƙoƙin Faransanci.

Ana cikin waƙa Habsatu, wata ƙaramar 'yar ajina, ta fara kukan nan marar ƙarfi. Tun da rumbunsu ya ƙare uwarta ta tafi Kano aikatau. Ban ma yi tunani ba, na kwance mayafina na goya ta, muka ci gaba.

Da aka tashi ya ce, "Madam, reno daban, koyarwa daban. Malama ba ta shiga aji da goyo." Wai in tafi makarantar horon malamai, ko in jira ya dawo, ranar da sojojin da ke mulki suka ba ofishinsu man mota.

In na tafi, wa zai buɗe ajin? In na zauna, har abada sunana mai reno. Kaina ciwo yake.

Na wanke mayafin na shanya. Gobe ma Habsatu za ta zo.