Babur ɗin marigayi ya hana ni numfashi a gidana

Kawu, don Allah ka taimake ni da shawara tun kafin in aikata abin da zan dawo ina da-na-sani. Ina rubuto maka ne da gefen mayafi a hanci, taga a rufe, saboda tsakar gidana ta koma garejin da ba a sharewa.

Wani tsohon babur ne na mahaifin maigidana, Allah ya jiƙansa. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da tsohon aka jingine shi a bayan ɗaki, aka lulluɓe da buhu, ya fi shekara biyu ba wanda ya taɓa shi. Da aka zo rabon kaya bayan rasuwa, ƙannen maigidana kowa ya kau da kai. Shi kuwa ya turo shi da ƙafa tun daga gidansu har namu, yana gumi yana murmushi kamar wanda aka ba mota.

Gidan haya muke, ɗaki biyu da 'yar tsakar gida, ƙofar kicin ɗina kuma tana kallon inda ya kafe babur ɗin. Ga ni da ciki, laulayi bai sake ni ba, ko ƙamshin sabulu tayar mini da zuciya yake, balle wannan. Ba warin fetur irin na gidan mai ba ne, Kawu. Wani wari ne mai tsami kamar tsohon fenti, ya kama labule, ya kama kayan shanya, har a matashin kai ina jin sa. Ranar da ya zura tiyo a tanki ya tsotsa da bakinsa, bakin da yake cin abincina da shi, abin da ya fito ja ne kamar shayin da ya kwana, da gari-gari a ƙasa. Ya tofar a magudanar da nake wanke-wanke. Bai kuma zubar da na cikin tankin ba, wai asara ce, sai ya sayo sabo ya ƙara a kai.

Da ya buɗe akwatin gefe inda iska ke shiga, sheƙar ɓeraye ya tarar, da tsummoki, da gawar guda ta bushe ta manne a jikin soso. Da hannu ya ɓamɓare ta, ya karkaɗe soson a bango, ya mayar da shi. Daga nan ya ɗauraye hannu da ruwa kawai ya ɗauki 'yarmu. Nan take na yi amai.

Ba zan yi masa ƙarya ba, yana ƙoƙari. Ya sake fulogi, ya sake batir, ya kwance kafireto ya wanke ban san sau nawa ba. Kullum in ya taso daga aiki, ko riga bai canza ba, zai hau taka kik don tayar da injin, har ƙaurinsa ya yi tabo. In ya ɗiga fetur a ramin fulogi sai injin ya kama, ya yi tari, ya ɗan yi gurnani, ya mutu. Wannan ɗan gurnanin shi ke sa shi ya kwana da murna, gobe a sake.

Kayana kuwa sun shiga uku. Farantina ya cika da kusoshi, bahon wankan yarinya ya yi baƙi da mai, tsohon buroshina na haƙori ban san ranar da ya bar banɗaki ba. Abin da ya ƙure ni shi ne ranar da abokan aikina suka zo duba ni. Na haɗa musu shayi, na tace da rariyata, ban san ya tace fetur da ita ya ɗauraye ya mayar inda take ba. Na ga babbar cikinsu ta kurɓa ta riƙe a baki, ta rasa inda za ta tofar, don kunya ta haɗiye. Sauran suka ajiye kofunan a hankali suna cewa sun ƙoshi. Har yau ban iya haɗa ido da su sosai ba.

Da suka tafi na faɗa masa maganganu, na kira babur ɗin bola. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a kan tankin nan yake zama mahaifinsa ya kai shi makaranta, kuma tsohon bai taɓa barin bakanike ya sa masa hannu ba, shi ma ba zai bari ba. Sai ya ci gaba da goge wani ƙarfe.

Yayata ta ce in kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ranar da ya fita aiki, a ɗauke, ya yi fushinsa ya huce. In ba zan iya ba, in tattara in koma gida sai na haihu. Wallahi na fara ƙyamar hannun mijina, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Mutumin kirki ne, bai taɓa rage ni da komai ba. Kawu, in sayar, ko in tafi, ko akwai yadda za a yi wannan abu ya tashi ya bar mini gida?

Wadda hancinta ya gaji

'Yata, na karanta, kuma ni ma sai da na ture kofin da ke gabana. Ƙyamarki tana kan hanya. Fetur ba ya zama kusa da wutar girki, mai ciki ba ta kwana tana shaƙarsa, kayan abinci ba kayan gareji ba ne. Wannan ba tsirfa ba ce, maganar lafiya ce da gobara. Rariyar, da farantin, da bahon, ki bar masa su gaba ɗaya, ya sayo miki wasu. Tsotsar tiyo kuma ya daina yau, mutane na kwanciya asibiti a kanta.

Amma kada ki sayar. Yayarki ƙarfe take gani, shi kuwa mahaifinsa yake gani. In ya dawo ya tarar da wurin wayam, warin zai tafi cikin mako, abin da zai riƙe a zuciya kuwa zai daɗe. Tafiya gida cikin fushi ma ba za ta gyara komai ba, za ki dawo ki tarar da babur a inda kika bar shi.

Na yi shekaru ina hawan tsohon babur, kuma a bayaninki ban ga matacce ba. Injin da ke kamawa in an ɗiga masa fetur yana da wuta, yana da ƙarfin matsa iska. Mai ne ba ya isa gare shi. Wannan jan ruwa mai tsami fetur ne da ya lalace, gari-garin kuma tsatsar tanki ce. Duk wankin da ya yi wa kafireto, da zarar ya buɗe mai, dattin ke komawa ya toshe ƙananan ramukan. Sai ya cire tankin, ya juye komai a galan mai murfi, kada ya zuba a magudana, ya wanke tsatsar, ya sake tiyo, ya sa 'yar matatar mai. Bayan nan ne zai wanke kafireto, ya hura ramukan. Soson da ɓera ya mutu a kai a jefar, a sa sabo, a duba ko sun ci waya ko sun cusa tsumma a salansa. Ya sake baƙin mai kafin ya taka.

Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ba lokacin da yake gumi a kan kik ba. Ki fara da janye kalmar bola, don ta yi nauyi. Sannan ki faɗa masa gaskiya kamar yadda kika faɗa mini, har da maganar hannunsa, cikin taushi. Sharaɗinki ɗaya ne: babur ya fita daga tsakar gida. Ya nemi bakanike mai rumfa ya ajiye a can, ya yi aikin da hannunsa, bakaniken yana duba masa. Hakan bai saɓa wa al'adar marigayi ba. Ki tuna masa kuma cewa tsohon ya kula da babur ɗin nan ne don ya ɗauki ɗansa lafiya, ba zai so a shaƙe jikansa tun yana ciki saboda shi ba.

Allah ya jiƙan surukinki, ya sanyaya zuciyar ɗansa, ke kuma ya sauke ki lafiya.