Nauyin da Sawun Raƙumi Ya Tona

Zuwa ga Rabi'a, inuwar tsamiyata, ruwan randata a tsakiyar bazara, wadda ta fi duk 'yan matan Gangara kyau da taurin kai.

Ina gaishe ki, ko da yake raina a ɓace yake. Saƙonki ya same ni a bakin iyaka: wai wata biyu ba ki ga ƙeyata ba, wai son da ido bai gani ba babu shi, don haka ranar Lahadi za ki bi gwaggonki Maraɗi ki zauna can. Haba Rabi'a. Ni na ce wa kwastan su hana ni hutu a kakar gyaɗa?

Kin manta ranar da kika kawo fura kasuwar Jibiya, na nuna miki sawun wani raƙumi a yashin gulbi? Auduga ce a bayansa, amma ƙafarsa ta nutse kamar dutse ya ɗauko. Na ce akwai ɓoyayyen kaya. Aka tare raƙumin aka kwance kayan, sai ga kanwa a tsakiya. Kika yi dariya har kallabinki ya zame. Ran nan kin yarda da abin da ba ki gani ba.

To, saurara. Na tsinci tsohuwar jarida da Baturen kwastan ya yar, na yi kwana huɗu ina kokawa da Turancinta. Wani masani ya auna garken taurari masu nisa, ya tarar suna gudun da ya isa ya tarwatsa su, amma ba su watse ba. Nauyinsu da ake gani bai kai ya riƙe su ba. Sai ya ce lallai akwai wani abu a tsakaninsu, marar haske, da ya fi su nauyi nesa ba kusa ba, shi ya ɗaure su wuri guda. Ikon Allah. Sawu mutumin nan ya karanta, kamar ni.

Ba ki ganina, na ji. To dubi sawuna mana, farin watana. Wa ya ƙi canjin aiki zuwa Katsina har abokai suka kira shi wawa? Wa ya rame har wando na zame masa? Me kike tsammani ya riƙe ni a wannan rumfar kara, ni da ba na iya mako guda ban yi faɗa da wani ba?

Motar Maraɗi ta gabana za ta bi. Ni ke ɗaga sandar hanya, aikina ne, kuma dole in ɗaga. Don Allah kada ki sa in ɗaga ta kina ciki.

Naki, ko kin gani ko ba ki gani ba, har ƙasa ta rufe idona,

Kalilu