Albasarka ta Bayan Ɗaki

Baban Fiddausi,

Na wuce asibitin Shagari, kar motar farko ta bar ni. Kununka na cikin filas.

Akwai maganar da na yi kwana ashirin ina haɗiyewa. Albasar nan da ka dasa bayan ɗaki, akuyar Inna Rahamatu ta cinye ta tas a makon da ka tafi taron malamai Sakkwato. Ni na bar ƙyaure a buɗe, ka yafe mini. Abin da ka tarar ya tsiro a wurin, wanda kake ba ruwa safe da yamma har da taki, ba albasa ba ne. Aya-aya ce, ciyawa zalla. Na so in faɗa maka, sai na ji kana gaya wa maƙwabta noma a jininka yake, na ga bai kamata in katse ka ba.

Ɗazu Baba ya kira wayarka kana masallaci. Ya ce yana tafe daga Mandera bayan azahar, ya ga lambun da kake ta yi masa kuri da shi. Wanda ya shekara arba'in yana noman albasa, ba sai ya sunkuya ba zai gane.

Ka tumɓuke ta kafin ya iso. In kuwa ka fi son ya gani, don Allah ka tsare shi da hira a zaure har in dawo. Ba na son a ba ni labari.

Bahijja