Tafarnuwata Ta Fito

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya maigida da yara? Mu ma nan New York lafiya lau, sanyi ya fara sakinmu.

Albishirinki, lambuna ya tsira. Kin san maigidana Baban Amina ya dage sai ya zuba siminti a bayan gidanmu don ya samu wurin ajiye tasinsa. Da na binne tafarnuwa kafin sanyi, dariya ya yi, ya ce, "Me zai rayu a ƙarƙashin ƙanƙara? In ta fito, na bar miki filin."

Ranar Asabar na ɗauki manjagara na kwashe busassun ganyen da na lulluɓe kunyoyin da su. Yaya, ga ta nan layi-layi, kore shar. Na dai kira Baban Amina ya kama min buhun taki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ina za mu sa tumatir.

In kin samu mai zuwa, ki aiko min da irin kuɓewa da yakuwa. Ki gaida Inna, ta sa mu a addu'a. Ki gaya mata noman Baba bai bar hannuna ba. Tasi kuwa har yau a titi take kwana.

Ƙanwarki,
Rabi